Tasirin fari ga gidajen hayar 'yan yawon buɗe ido

Tasirin fari ga gidajen hayar 'yan yawon buɗe ido shi ne yadda ƙarancin ruwan sama da dokokin taƙaita amfani da ruwa suke shafar gidaje da ɗakunan da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki ko makonni a wuraren shaƙatawa. Irin waɗannan gidaje sun yawaita ƙwarai tun bayan bayyanar shafukan intanet na neman masauki, irin su Airbnb da aka kafa a shekarar 2008, da Booking.com da Vrbo. Matsalar ta fi fitowa fili a ƙasashen kudancin Turai, wato Sifaniya, Faransa, Italiya, Girka da Fotugal, da kuma birnin Cape Town na Afirka ta Kudu.

Abin da ya bambanta waɗannan gidaje da sauran masaukai shi ne matsayinsu. Aikin otal suke yi, amma ruwansu na gidan zama ne. Bututun da ke kai wa maƙwabta ruwa shi ne yake kai musu, kuma a wurare da yawa dokar da ta hau kan gidan zama ita ce take hawa kansu. Saboda haka idan fari ya yi tsanani sukan rasa rangwamen da ake yi wa otal-otal, a lokaci guda kuma mazauna unguwa suna yi musu kallon masu shanye rabonsu.

Asalin matsalar

A yankunan Bahar Rum ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga kaka zuwa farkon bazara. Watannin Yuni, Yuli da Agusta kuwa rani ne da zafi, kuma a cikinsu ne baƙi suke tururuwa zuwa bakin teku. Haka abin yake a Cape Town, sai dai watannin sun juya: damina tana kamawa daga wajen Mayu zuwa Agusta, baƙi kuma sun fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Ma'ana, lokacin da aka fi buƙatar ruwa shi ne lokacin da ba a samun sabon ruwa. Garuruwan suna dogara ne ga abin da aka tara a madatsun ruwa da wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Idan damina biyu ko uku a jere suka yi ƙaranci, ajiyar ba ta isa.

Dalili na biyu shi ne yawan mutane. Ƙauyen bakin teku da aka shimfiɗa wa bututu daidai da mazaunansa yakan ninka yawansa a tsakiyar lokacin hutu. A tsibirai abin ya fi muni, domin babu kogi mai nisa da za a jawo, kuma idan aka matsa wa rijiyoyi da zuƙa sai ruwan teku ya kutsa cikinsu su yi gishiri. Masu bincike a Jami'ar Tsibiran Balearic sun kwatanta ruwan da aka sha a lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da baƙi suka ɗauke ƙafa, da na shekarun da suka gabata, suka ƙiyasta cewa harkar yawon buɗe ido tana cin kusan kashi 24 cikin ɗari na ruwan da ake amfani da shi a tsibiran.

Dalili na uku shi ne irin gidan da baƙi suke nema. Gida mai wurin ninkaya da lambu ya fi tsada kuma ya fi samun kasuwa. Wurin ninkaya mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Idan rana ta ƙafe milimita 5 kacal daga samansa, an yi asarar lita 160 ke nan a yini ɗaya. Ga kuma wankin zannuwan gado da tawul da share gida duk lokacin da baƙo ya fita wani ya shigo, wanda a gidan haya yakan faru sau biyu ko fiye a mako.

Matakan da hukumomi ke ɗauka

Yawancin ƙasashe suna da matakai hawa-hawa. A Faransa, alal misali, hawa huɗu ne, daga jan hankali zuwa matakin da ake kira na rikici, kuma wakilin gwamnati a kowace gunduma ne yake ayyana su. Matakan da aka fi ɗauka sun haɗa da:

* hana ban ruwa ga ciyawar ado da furanni, ko taƙaita shi ga wasu sa'o'i;
* hana cika wuraren ninkaya da ruwan famfo;
* hana wanke motoci da tsakar gida, da rufe shawar da ke bakin teku;
* ƙayyade yawan litar da mutum ɗaya zai samu a rana;
* rage ƙarfin ruwa a bututu, ko ɗauke shi da dare;
* ƙara kuɗin ruwa ga mai sha da yawa, da cin tarar wanda ya wuce iyaka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana taɓa gidan haya ta wata fuska. Hana cika wurin ninkaya yana rage abin da aka tallata wa baƙo. Rage ƙarfin ruwa yana hana shi hawa benaye da gidajen kan tudu, waɗanda su ne baƙi suka fi so saboda hangen teku. Tara kuwa tana faɗawa kan mai gida, domin mita da sunansa take, ko da baƙon da ya zubar da ruwan ya riga ya koma ƙasarsu.

Cape Town, 2015 zuwa 2018

Cape Town ta yi damina uku a jere masu ƙarancin ruwa daga 2015. Madatsar Theewaterskloof, wadda ita ce mafi girma a cikin masu ba birnin ruwa, ta kusa ƙafewa. Hukumomi suka sanar da abin da suka kira Day Zero, wato ranar da za a rufe famfunan gidaje idan ajiyar madatsu ta sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari. An tsara cewa daga ranar mutane za su riƙa bin layi a wurare kusan 200 don karɓar lita 25 kowanne. A farkon 2018 an yi hasashen ranar za ta faɗo a watan Afrilu.

A 2017 an ƙayyade wa kowane mutum lita 87 a rana, sannan daga 1 ga Fabrairu 2018 aka rage zuwa lita 50, wato jarka biyu masu cin lita 25, don sha da girki da wanka da wanki da bayan gida. Da wannan ma'auni, ruwan wurin ninkayar da aka ambata a sama rabon mutum ɗaya ne na kwana 960. Gidan da ya wuce lita 10,500 a wata yana fuskantar tara, ko a ɗaura masa na'urar da ke tsayar da ruwa idan ya cika adadinsa na rana. An yi wannan lissafi ne bisa iyali mai mutum huɗu, gidan da ya fi haka kuma sai ya nemi ƙari daga hukuma. Gidan haya da ke sauke mutum shida a wannan mako da mutum biyu a mako mai zuwa bai dace da irin wannan lissafi ba.

Birnin bai hana baƙi zuwa ba. An yi kamfe ne na roƙonsu su yi tattali kamar 'yan gari. Masaukai suka cire abin toshe bahon wanka, suka ajiye bokiti a ƙarƙashin shawa don tara ruwan da za a kora bayan gida da shi, suka nemi kada wanka ya wuce minti biyu. Wasu manyan otal-otal sun kafa na'urar tace ruwan teku ta kansu, abin da ya fi ƙarfin mai gida ɗaya. Ruwan da birnin ke sha ya ragu daga kusan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 zuwa kusan lita miliyan 500 a 2018. An yi ta ɗage ranar har aka fasa ta a daminar 2018, kuma a Oktoban 2020 madatsun suka cika. Duk da haka labarin ya zaga duniya, kuma masu masaukai sun koka da cewa baƙi sun soke zuwa saboda tsoron abin da bai ma faru ba.

Kataloniya, 2024

Bayan fiye da shekara uku na ƙarancin ruwan sama, shugaban gwamnatin yankin Kataloniya a Sifaniya, Pere Aragonès, ya ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a ranar 1 ga Fabrairu 2024. Dokar ta shafi mutane kusan miliyan 6 a ƙananan hukumomi sama da 200, har da birnin Barcelona, bayan ajiyar madatsun kogunan Ter da Llobregat ta sauka ƙasa da kashi 16 cikin ɗari. A madatsar Sau, tsohuwar cocin Sant Romà da ruwa ya saba rufewa ta fito fili har gindinta. An ƙayyade wa kowane gari lita 200 ga mutum ɗaya a rana, adadin da ya ƙunshi har ruwan shaguna da wanda ke yoyo a bututu. An rage wa manoma kashi 80 cikin ɗari, masu kiwo kashi 50, masana'antu kashi 25.

An hana cika wuraren ninkaya da ruwan sha, sai da ruwan teku bisa sharaɗi. A garin Lloret de Mar da ke gaɓar Costa Brava, masu otal-otal suka haɗa kai don sayen na'urar tace ruwan teku ta tafi-da-gidanka, lamarin da ya jawo ka-ce-na-ce kan ko mai kuɗi zai iya sayen hanyar kauce wa dokar da ta hau kan kowa. A watan Afrilu gwamnatin yankin ta fitar da doka da ta ba da damar ƙayyade wa masaukai lita 100 ga kowane baƙo a rana a garuruwan da suka yi wata uku a jere suna wuce iyakarsu. Alƙaluman ƙungiyar masu otal ta Barcelona sun nuna cewa a 2022 baƙo ɗaya yana cin lita 163 a rana a matsakaici, a otal-otal na alfarma kuma sama da 240, alhali mazaunin birnin yana amfani da kusan lita 100 a gidansa. Dokar ta kuma yarda a cika wurin ninkaya mai zaman kansa idan an buɗe shi ga jama'a a matsayin mafakar zafi. Ruwan saman da aka samu ya sa aka janye dokar ta-ɓacin a watan Mayu.

A watan Yunin shekarar magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar cewa za a soke lasisin gidajen hayar baƙi kusan 10,000 nan da Nuwamban 2028. Dalilin da aka bayar shi ne tsadar gidajen zama, ba ruwa ba, amma batutuwan biyu sun haɗu a korafin mazauna birnin.

Malaga da Costa del Sol

A kudancin Sifaniya, madatsar La Viñuela da ke ba yankin Axarquía ruwa ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a 2023. Yankin ya shahara da noman mangwaro da fiya, waɗanda ke buƙatar ban ruwa, ga kuma gidajen hutu masu yawa a kan tuddai. Garin Vélez-Málaga ya riƙa ɗauke ruwa da dare, kuma a farkon 2024 aka sauke iyakar mutum ɗaya zuwa lita 160 a rana a sassan lardin.

A nan ne bambancin otal da gidan haya ya fi bayyana. A watan Maris na 2024 kwamitin kula da fari ya amince otal-otal da wuraren ninkaya na jama'a su cika nasu, amma ya bar haramcin a kan na gidaje masu zaman kansu da na rukunin gidaje. Tun da gidajen haya da yawa a cikin wannan kaso suke, masu su sun ce an fifita wani ɓangare na sana'a ɗaya a kan wani. Masu kula da lambu da masu gyaran wuraren ninkaya, waɗanda abincinsu ya dogara ga waɗannan gidaje, sun shiga zanga-zanga a Malaga. Ruwan saman da ya sauka a ƙarshen Maris ya sa aka sassauta dokar kafin lokacin hutu ya kankama.

Kudancin Faransa

Faransa tana da wuraren ninkaya na gidaje fiye da miliyan 3, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Turai. A watan Agustan 2022 gwamnati ta sanar cewa fiye da ƙauyuka da garuruwa 100 sun rasa ruwan famfo, sai da tankoki ake kai musu. A farkon 2023 ƙananan hukumomi tara na yankin Fayence a gundumar Var suka dakatar da ba da izinin sababbin gine-gine na tsawon shekara huɗu saboda ruwa ba zai isa ƙarin gidaje ba. A watan Mayun shekarar aka saka gundumar Pyrénées-Orientales, da ke iyaka da Sifaniya, a matakin ƙarshe, aka hana cika wuraren ninkaya, aka ma hana sayar da na roba da ake girkawa a tsakar gida. A 2023 ne kuma gwamnati ta buɗe shafin VigiEau, inda mai gida ko baƙo zai rubuta adireshi ya ga dokar da ke aiki a wurin.

Sisili da sauran wurare

Tsibirin Sisili na Italiya ya shiga dokar ta-ɓaci kan ruwa a 2024. A Agrigento, garin da baƙi ke zuwa don ganin tsofaffin wuraren bautar Girkawa, ana sakin ruwa ne bi da bi, kuma unguwa takan yi kwanaki ba ta gani ba. Gidaje suna dogara ga tankunan ajiya da sayen ruwan tanka. Ƙananan masaukai a tsohon gari, inda lunguna suka yi matsi kuma babu wurin girka babban tanki, sun kai ga mayar da baƙi domin ba za su iya tabbatar musu da ruwan wanka da na bayan gida ba. Fari ba shi kaɗai ne dalili ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Italiya sun nuna cewa kusan kashi 42 cikin ɗari na ruwan da ake turawa a bututun ƙasar yana zubewa kafin ya isa gidaje, a Sisili kuma ya haura rabi.

A shekarar ta 2024 an ayyana dokar ta-ɓaci a wasu tsibiran Girka, ciki har da Leros da Sifnos. Tsibirin Tenerife ma ya ayyana tasa. A yankin Algarve na Fotugal an umarci birane da harkar yawon buɗe ido su rage kashi 15 cikin ɗari, manoma kuma kashi 25, kafin a sassauta a watan Mayu.

Tasiri ga masu gida, baƙi da mazauna

Ga mai gida, asarar tana zuwa ta hanyoyi uku. Akwai raguwar masu kama gida, musamman idan an tallata shi da wurin ninkaya. Akwai ƙarin kashe kuɗi a kan ruwan tanka, tanki, famfon turawa da tsadar ruwan hukuma. Akwai kuma lalacewar kadara, domin wurin ninkayar da aka bari babu ruwa yakan tsage, lambu kuma ya bushe. Baƙi sukan kama gida watanni kafin tafiya, alhali doka tana iya sauyawa cikin mako guda, don haka mai gida yakan yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Ga baƙo, abin da yake jawo saɓani shi ne mayar da kuɗi. Idan ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, gidan bai zauno ba, kuma hujjar neman kuɗi a fili take. Idan kuwa wurin ninkaya ne kawai aka rufe bisa umarnin hukuma, hukuncin ya danganta ga abin da aka rubuta a yarjejeniya, da ƙa'idar shafin da aka kama gidan, da kuma ko an sanar da baƙon tun da wuri.

Ga mazauna, batun na adalci ne. Wanda aka hana shi shayar da bishiyar ƙofar gidansa yana jin ƙarar ninkaya daga gidan maƙwabci. Baƙo ba ya ganin takardar kuɗin ruwa, don kuɗin yana cikin haya, saboda haka ƙarin farashi ba ya sauya halinsa kamar yadda yake sauya na ɗan gari. Haka nan gidajen da ake bayarwa ba tare da rajista ba ba sa shiga ƙidayar baƙin da hukuma ke tsara rabon ruwa da ita.

Muhawara

Masu kare harkar suna nuna cewa noma ne ya fi cin ruwa a ƙasashen kudancin Turai, nesa ba kusa ba, kuma kowace lita da aka kashe a yawon buɗe ido tana samar da kuɗi da aikin yi fiye da wadda aka kashe a gona. Suna ƙarawa da cewa gidan haya marar wurin ninkaya bai bambanta sosai da gidan zama ba. Masu suka suna amsawa da cewa jimillar ƙasa tana ɓoye gaskiya, domin ruwan baƙi ana shan sa ne a ɗan ƙaramin wuri, cikin 'yan watanni, kuma daga ruwan sha da aka tace. Suna kuma cewa yoyon bututu da yawan izinin gini laifin hukumomi ne da ake ɗora wa fari.

Hanyoyin rage matsalar

A matakin gida, ana amfani da kan shawa da famfo masu rage zubar ruwa, da murfin wurin ninkaya don hana ƙafewa, da tara ruwan sama, da mayar da ruwan wanka zuwa lambu ko bayan gida, da shuka itatuwan da ke jure rani maimakon ciyawa. Mita mai aika bayani ta waya tana nuna yoyo da wuri, ko da mai gida yana wata ƙasa. Sanar da baƙo dokar garin kafin ya biya kuɗi yana rage saɓani.

A matakin gari, ana komawa ga tace ruwan teku da sake tace ruwan da aka yi amfani da shi. Barcelona, wadda a watan Mayun 2008 sai da aka kawo mata ruwa a jiragen ruwa, ta buɗe babbar matatar ruwan teku a El Prat de Llobregat a 2009, kuma matatar ta ɗauki kaso mai yawa na buƙatar birnin a farin da ya biyo baya. Sai dai wannan hanya tana cin wutar lantarki da yawa, tana kuma barin ruwa mai tsananin gishiri da ake mayarwa teku. Wasu yankuna suna karɓar haraji daga baƙi, kamar Tsibiran Balearic da suka fara a 2016, kuma ana kashe wani ɓangare nasa a ayyukan ruwa da muhalli. Wasu kuma suna taƙaita lasisin gidajen haya ko izinin gini daidai da ruwan da garin yake da shi.